Kwamfutar da Ta Daina Ciwo

Wayar ta shigo tana tsakiyar taro a ofis. Tun kafin ta duba ta san Baba ne, ta kuma san zancen bai wuce na kwamfuta ba. Yau sauti ne ya ɗauke. Wancan makon firinta ce ta yi yaji, kafin nan kuma hotunan jikoki ne suka yi ɓatan dabo.

Ita ce autarsa, mai sunan mahaifiyarsa, shi ya sa yake ce mata Uwata. Ita ke kula da kwamfutocin wani babban kamfani, amma duk cikinsu babu mai ba ta wahala kamar tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ta Baba. Tun rasuwar Mama abin ya ƙaru. Kusan duk ƙarshen mako sai ta ratsa cunkoson motoci zuwa wancan gefen gari, ta tarar ya dafa shayi ya jera kofi biyu. Gyaran ba ya cin lokaci. Hirar Baba ce ba ta da birki.

Ta sha yi masa tallar Linux, wata manhajar tafiyar da kwamfuta. Kyauta ce, kowa na iya leƙa cikinta ya gyara, ƙwayoyin cuta ba su cika kama ta ba, tsohuwar na'ura ma sai ta koma yarinya. Baba kuwa ya yi ritaya daga koyarwa amma bai yi ritaya daga gardama ba. Yau ya ce araha ba ta ado, gobe ya ce idonsa ya saba da tsohuwar, jibi ya ce mai gyaran bakin titinsu bai san kanta ba. Takan yi dariya ta tambaye shi me ya haɗa shi da mai gyara, shi da ya haifi injiniya sukutum.

Ranar da haƙurinta ya ƙare, aiki ya sha mata kai, ga yara na jira a gida, sai ta ce za ta tafi da kwamfutar ta duba a natse. Ta kwashe masa komai nasa ta adana, ta ɗora sabuwar manhajar, ta yi mata ado irin na tsohuwar don kada ya ruɗe. Duk inda hannunsa zai iya yin ɓarna ta kulle da kalmar sirrin da ita kaɗai ta sani.

Da ta mayar masa, ya daɗe yana kallon allon.

"Allah ya yi miki albarka, Uwata," ya ce. Ranar ko gardama bai yi ba.

Kwamfuta ta warke sarai, waya ta yi shiru. In ta kira shi sai ya ce lafiya lau, komai na aiki, ta gai da yara. Har labarinsa take bayarwa a ofis, wai in tsohonta ya iya komawa Linux to babu mai uzuri. Kullum tana cewa wannan makon za ta leƙa shi, kullum sai wani abu ya gifta. Makonni suka zama watanni. Kiran da ya zo daga ƙarshe na maƙwabcinsa ne, kuma ba ta iske Baba da rai ba.

Bayan an share makoki ta kasa ko kallon kwamfutar, don duk lokacin da ta gan ta sai zuciyarta ta karye. Ta ɗauke ta ta kai shagon mai gyaran bakin titi, ta ce ya ba duk wanda ke da bukata. Mutumin ya yi mata ta'aziyya, ya buɗe murfin, ya shafa madannan da suka goge.

"Ai na san ta," ya ce. "Da can duk mako yakan zo in nuna masa ɗan abin da zai taɓa ta rikice, wanda ba zai ba ki wahalar gyara ba. Tun da aka sa mata wannan sabuwar manhajar kuwa ya yi ta kawo mini ita yana roƙona, ni kuma wallahi ban san ta inda ake ɓata ta ba."