Sitiyarin Jar Fata

Tunda ka ce gidan nan na gado sai ka gyara shi tun daga tushe, zauna tukuna ka ji wani misali.

An yi wani mai shagon kayan gini wanda mahaifinsa ya yi tashe a tseren motoci a zamanin ƙuruciya. Motar tseren tana nan a bayan gida ƙarƙashin rumfar kwano, 'yar ƙarama mai ƙofa biyu, tayoyinta sun sace, tsatsa ta ci gindinta, kaji sun mai da ƙarƙashinta akurki. Shi kuwa tsohon, shekaru sun fara taɓa masa tunani. Sai ya wuni bai ce uffan ba, wani lokaci ya dubi ɗan nasa kamar baƙon da ya tsaya tambayar hanya. Amma da zarar an kama hannunsa an zaunar da shi a motar nan, sai ka ga mutum ya dawo. Kujerar ta lotsa daidai jikinsa. Sitiyarin an naɗe shi da jar fata, ɗinkin wani baduku, ta yi baƙi ta yi santsi a inda yatsunsa suka saba kwanciya. Ƙofar ba ta rufuwa sai an ɗaga ta da gwiwa, kuma gwiwar tsohon ba ta manta ba. Nan zai riƙe sitiyari ya shiga ambaton garuruwan da ya ratsa da kwanar da ta kusa halaka shi, sannan ya juyo ya kira ɗan da sunan da yake kiransa tun yana goye. Wannan kiran shi ne abin da ɗan yake tsoron rasawa. Sai ya ce a ransa, in motar da ke kwance tana dawo mini da Baba haka, ina ga ta tashi?

Ya sa aka ja ta zuwa wani gareji a bayan shagonsa, ya ba ta Asabar da Lahadinsa. Ya koyi kwance inji, ya san hanyar kasuwar kayan gyara, farcensa ya daina rabuwa da baƙin mai. Kafin damina ta fita, ranar nan ya murɗa makulli, injin ya yi tari, ya sake tari, ya kama da irin gurnaninsa na da. Da a ranar ya mayar wa tsoho da abarsa, da ba ni da labarin da zan ba ka. To amma gyaran mota ciwo ne mai daɗin susa. Ya ce bari dai a yi mata fenti. Da fenti ya hau, sai kujeru suka zama abin kunya. Da aka sa sababbin kujeru, sai sitiyarin nan ya koma kamar tsumma a wuyan ango, aka cire shi. Abokansa masu son irin waɗannan motoci suka ce ai mota irin wannan babban inji ya kamace ta. Babban inji ya nemi sabuwar giya, giya ta nemi birki, birki ya nemi manyan tayoyi. Mai gyaran bodi ya daidaita ƙofa har ta koma rufuwa da ɗan yatsa. Tsofaffin kayan da aka ciccire suka taru suka tare hanya, 'yan gwangwan suka zo wucewa da kurarsu, ya ce su kwashe.

Shekaru suka tura. A gida kuwa, sau da yawa sai a tarar da tsohon tsaye a rumfar, yana kallon tabon mai a ƙasa. In ɗan ya zo gaisuwa sai ya durƙusa ya ce, "Saura kaɗan, Baba." Kada ka ɗauka mugun ɗa ne. Yana son ubansa har cikin ransa. Sai dai ya so aikin shi ma, har ya kasa bambance wanne yake yi wa hidima.

Ranar da ya gama, ya shigo da ita unguwa tana walƙiya, ƙugin salansarta ya fito da mutane daga gidaje. Zuciyarsa fal murna, ya riƙo mahaifinsa ya zaunar da shi a mazaunin direba. Tsohon ya ɗaga gwiwa zai tallafi ƙofa, kafin ya kai ta riga ta rufe. Ya gyara zama, kujerar ba ta san shi ba. Ya miƙa hannu ya shafa sitiyarin, ya lalubi inda yatsunsa suke kwanciya, bai samu ba, sai ya janye hannayensa ya ɗora a cinya kamar fasinja. Ɗan ya tayar da inji don ya ji. Tsohon ya razana, ya dube shi da ladabi irin na wanda aka rage wa hanya, ya ce, "Malam, motar nan taka ta yi kyau, Allah Ya tsare. Amma don Allah, ko ka san inda yaron nan ya kai mini tawa?"

Ɗan ya bi 'yan gwangwan har matattararsu yana cigiyar wani tsohon sitiyari mai jar fata. Suka ce kayan wancan lokacin an daɗe da lodawa an kai narkarwa. Motar tana nan, duk wanda ya gan ta sai ya yaba, amma sunan nan na goyo bai ƙara jin sa daga bakin ubansa ba.

Saboda haka kafin ka sa diga a zauren nan, ka duba wa ke zama a cikinsa da yamma, da abin da yake jingina da shi. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, garin neman gira, an rasa ido.