Dogon Jirgi Ko Gajeren

"Gajeren ya fi cin nisa," in ji Baba, yana gyara robar iskar da ke hancinsa. "Ba ya sauka shan mai. Dogon ya fi kwasar mutane, amma sai ya yada zango a hanya."

Baba ya ƙare ƙarfinsa a gyaran jiragen sama, amma babban ɗansa bai taɓa tambayarsa komai a kansu ba sai yau, a gadon asibiti. Daɗi ya cika Baba. Ashe gida za a mayar da shi.

"Kama mini kujerar taga a gajeren. Bayana ba zai jure canjin jirgi ba."

"Ƙasan fa, Baba, inda ake zuba kaya? Wanne ya fi fili?"

"Dogon mana, nesa ba kusa ba!"

Ɗan ya fita da wayarsa. Ƙofar ba ta rufu ba.

"Dogon za ku kama mana," Baba ya jiyo shi. "Kujera ɗaya, tawa. Likita ya ce ba zai kai Laraba ba. A ƙara wa akwatin tsawo, tsohon dogo ne."