Ɗan Tsako a Firji

Mataccen ɗan tsako wata uwa ta tarar a firji, an naɗe shi da hankici. Ta ja autarta har aji, kanta a ɗaure.

"Malama, mu dai hadda muka sani. Ku me kuke koya musu ne?"

"Darasin sauyi muke, Mama. Ƙanƙara ta narke, muka sa a firji, ta dawo. Takarda ta ƙone, ba ta dawo ba. Na ce kowa ya gwada wani abu a gida."

"To, ina ruwan tsako?"

Malamar ta dubi uwar. Suka dubi yarinyar.

"Gwaji nake," in ji ta. "Idan ya dawo, sai mu je maƙabarta mu ɗauko Baba."