Sunayen Mutanen Kelvara

Duk wanda ya taɓa sayen goro a wajen Malam Abdulmutallib a unguwar Amriguébé ya san Kelvara. Jirgin ruwa ne na 'yan kasuwa mai ƙona kwal. An ƙera shi a Ingila, ya yi shekara ashirin yana jigilar gyaɗa da kiraga daga Ikko, kuma tsohon ya ce a cikinsa ya yi ƙuruciyarsa yana zuba wa wuta kwal.

Yakan ba da labarin tafiyar ƙarshe dalla-dalla: safiyar Laraba a 1942, yadda aka kwance igiyoyi a tashar jiragen ruwa ta Apapa, yadda hayaƙin ya yi ta ƙanƙancewa har ya ɓace. Kwana shida bayan nan jirgin yaƙi na ƙarƙashin ruwa ya harbe shi. Idan aka tambaye shi yadda ya tsira, sai ya ce Allah ne, ya shiga yayyafa wa goro ruwa.

Shekara sittin yana garin nan, tun ana kiransa Fort-Lamy, bai taɓa komawa Kano ba.

A 2003, da ciwo ya kwantar da shi, jikarsa Adama mai karatu a jami'a ta ƙudura rubuta tarihinsa kafin lokaci ya ƙure. Ta je siber, shagon intanet, a unguwar Dembé ta nemi sunan jirgin. Ta sami hotonsa, ta sami ranar da ya nutse. Mutum arba'in da ɗaya ke ciki, ba wanda ya fita. Na talatin da uku a jerin mamatan, sunan kakanta ne.

Ta buga takardar, ta kawo masa bayan la'asar, tana cewa Turawa sun yi kuskure. Ya sa ta karanta masa layin sau biyu. Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, hawaye na gangarawa cikin kunnensa.

"Ba su yi kuskure ba," ya ce. "Haka aka aika wa mahaifiyarmu, ta yi makokina. Da wane ido zan koma ta tambaye ni ina autanta?"

"Wane auta, Kaka?"

"Ɗan'azumi. Shekararsa sha shida, ziyara ya kawo mini. Na ji ana ta nutsar da jirage, tsoro ya kama ni, sai na ba shi katina na aikin jirgi, mai sunana, na ce ya je ya ga Ingila."