Lambar Kan Allo da Ƙaurin Bayan Akwati

Tunda ka ce lambar da allo ke nuna maka ta ishe ka, bari in ba ka misalin wani mai kula da cibiyar jarrabawar kwamfuta. Ana tsakiyar bazara, ɗalibai ɗari biyu na zaune suna amsa tambayoyi, amsoshinsu duka a babbar kwamfuta ɗaya suke taruwa, cikin wani ɗan ɗaki marar taga. Mutumin yana da manhajar da ke nuna masa zafin na'urar, tun safe kuwa lambar ba ta wuce arba'in da takwas ba, hankalinsa kwance. Wajen azahar, wata mai gyara da aka ɗauko saboda ranar ta shigo ɗakin, sai ta tsaya cak, ta ce tana jin ƙauri. Ya nuna mata allo, ya ce lafiya lau. Ita dai ta durƙusa bayan akwatin babbar kwamfutar, ta kara hannu inda iska ke fitowa, babu iska. Ta ciro ma'aunin zafi mai waya daga jakarta, ta zura bakinsa cikin ragar da iskar ke bi. Saba'in, tamanin, tamanin da tara, sai hawa yake yi. Ashe fankar sashen da ke raba wa na'urar wuta ce ta tsaya, manhajar kuwa ba ta samun labari daga wannan sashe.

Saura minti arba'in a tashi. In ya dakatar da jarrabawa, masu sa ido za su kai rahotonsa, ga iyaye cike da ƙofa. In ya bari, wataƙila wahalar yaran nan ta shekara guda ta ƙone a gabansa. "Malam, dakatar da su," in ji ta, "yanzun nan." Ya dubi allo, ya dubi ma'auni. Sai ya durƙusa ya taɓa ƙarfen da kansa, ya fizge hannu da salati. Nan take ya sa aka tsayar, ya fara kwashe amsoshin zuwa wata kwamfutar, ita kuma ta riƙe fankar tebur tana hura wa akwatin iska. Zaure ya kaure da hayaniya, wata ɗaliba har da kuka, kwashewar kuma tana jan ƙafa kamar ba za ta ƙare ba. Tana ƙarewa, kafin ma a kai hannu a kashe, sai suka ji tas! Hayaƙi ya tashi, allo ya yi baƙi. Bayan rabin awa, da aka haɗa su da ɗayar kwamfutar, yara suka ci gaba daga inda suka tsaya, ko amsa ɗaya ba ta ɓace ba.

Ka ga, manhajar ba ƙarya ta yi masa ba. Abin da aka gaya mata shi take gaya maka, inda ba ta da kunne kuwa sai ka je ka auna da kanka. Shi ya sa Hausawa suka ce, gani ya kori ji.