Geron 'Yar Birni

Hajiya, kin ce 'yarki ta bugo waya tana kuka, wai a je a ɗauko ta daga makarantar ƙauyen nan, ba wuta, ba famfo. To, kafin ki tashi direba, ga wani misali.

An yi wata budurwa haifaffiyar birni, wadda gero a kwanon awo kawai ta san shi, ba ta taɓa ganin sa a tsaye ba. Allah ya ba ta gurbi a wata kwalejin koyon aikin gona can cikin karkara, inda mota ba ta shiga sai ranar kasuwa. Ranar tafiya mahaifinta ya yi dariya, ya ce a bar mata gadonta a shimfiɗe, don ba za ta ga ƙarshen damina a can ba. Maganar nan ta tsaya mata a rai. Dokar makarantar kuwa, a yanka wa kowane ɗalibi kunya ashirin ya shuka gero, wanda gonarsa ta lalace ya tattara komatsansa, komai ƙoƙarinsa a takarda. Ita ko a takarda ba mai kama ƙafarta. Gonarta ta faɗo a bakin shinge, daura da gayaunar wata tsohuwa 'yar ƙauyen. Ranar shuka, da rana ta take, tsohuwar ta miƙo mata ruwan rijiya a ƙwarya ta saman shinge. Budurwa ta leƙa, ta ga ruwan ya ɗan yi ja, ta yatsina fuska, ta ɗaga gorarta ta roba ta nuna mata, ko sannu babu. Tsohuwa ta janye ƙwaryarta.

Gero ya tsiro, kowane rami goma har fiye. Malami ya ce a rage, a bar uku-uku. Ta ga abokan karatunta, 'ya'yan manoma, sun duƙa suna tuge shuka mai rai suna yarwa, ta ce a ranta wannan ai ɓarna ce, wa zai sami goma ya koma uku? Gaskiyar magana, ba ta ma san wanda za ta cire da wanda za ta bari ba, kuma ta gwammace ta haɗiye garwashi da ta tambayi masu kiran ta 'yar gayu. Sai ta bar abinta yadda ya fito. Satin farko ba gonar da ta kai tata kore, har hoto ta ɗauka ta tura wa mahaifinta. Kafin sati uku geron kowa ya yi kauri ya baje ganye, nata ya cunkushe, ya yi rawaya, siri-siri kamar tsintsiya. Malami ya zo zagaye, ya daɗe a tsaye, ya ce in ya dawo bayan kwana bakwai ya tarar haka, to ta nemi motar ranar kasuwa. Ranar ta yi kuka sosai, kuma ba abin da take gani sai gadon nan a shimfiɗe.

Washegari, an kwana ana ruwa, ta zagaya shinge, ta tuɓe takalmi, ta durƙusa a gaban tsohuwar cikin taɓo, ta ce, "Inna, ina kwana. Na yi miki laifi, kuma gerona zai mutu." Tsohuwa ta miƙe. Ta je ta ɗebo ruwa a ƙwaryar nan dai, ta miƙa mata. Budurwa ta karɓa da hannu biyu, ta kafa kai, ba ta ɗago ba sai da ta ga gindin ƙwarya. Sannan tsohuwa ta ce, "To, yau kika zo garinmu. Tashi mu je tun ƙasa na da laushi." Ta nuna mata yadda ake zaɓar masu kaurin gindi, a danne su da hagu don kada saiwarsu ta motsa, a zare raunanan da dama. Ta ba ta kashin awakinta kwando biyu ta zuba. Kwana huɗu budurwar nan tana tsugune, farce ya karye, lalle ya goge, baya ya ƙage, ba ta bari kowa ya rage mata ko rami ɗaya ba. Masu dariya suka koma yi mata sannu da aiki.

Da kaka ta yi, ba ita ta zo ta ɗaya ba, ban ce miki haka ba. Amma geronta ya fitar da zangarniya cikakka, malami ya murza ɗaya a tafin hannu, ya hure, ya rubuta mata ta ci. Damin farko ta kai wa tsohuwa a ka. Na biyu ta ɗaura a bayan motar ranar kasuwa har birni, ta shiga gida da hannayenta masu kanta, ta wuce kowa, ta kwantar da shi a kan gadon da aka bar mata. Mahaifin ya tsaya a bakin ƙofa ya gani, sai ya fita yana kiran maƙwabta su zo su ga abin da 'yarsa ta noma. Yau in ta sauka a ƙauye a matsayin malamar gona, dattawa ke miƙewa su ba ta tabarma.

Saboda haka, Hajiya, ki bar direba ya huta. Ki ce wa 'yarki ta dubi wanda ke bakin nata shingen, ta je ta gaishe shi. Hausawa sun ce, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.