Bakin Tabarma

"Inna, wai ƙasa cizo taka yi?"

Na dakata da tankaɗe, na dubi ɗiyata. Shekararta huɗu, tana zaune tsakiyar tabarma, tana leƙen 'ya'yan maƙwabta da ke gina rumbunan laka bayan ruwan farko.

Ni na koya mata tsoron nan. Tana goye a bayana gubar dalma da ke cikin ƙasa ta kashe yayanta a nan Dareta, na rantse ƙafarta ba za ta taɓa ƙasa ba. Tuni aka kankare tsakar gidanmu aka zuba sabuwar ƙasa, aka auna jininta aka ce lafiya lau. Ni dai kullum sai in ce mata gobe.

Yau kam sai na ce, "Ba ta cizo. Tafi ki yi wasa, in kin gama mu wanke hannu."

Ta tsaya bakin tabarma, ta zura yatsan ƙafa cikin laka.

"Inna, ashe sanyi gare ta!"

Sai ta naɗe tabarmar, ta saɓa a kafaɗa, ta nufi yaran. "In ta cije ni, in hau."

Mai karatu, ka kiyaye. Tsoron gobe ya cinye wa ɗiyata damina huɗu, kuma ba mai maido mata su.